Yadda Batir da Ƙaramar Farfela Ke Ceton Jirgin Sama Mara Inji

Duk wanda ya taɓa ɗaga kai da tsakar rana ya ga shirwa tana kewayawa a sama ba tare da ta kaɗa fiffike ba, to ya ga sirrin jirgin da ake kira gilaida. Jirgi ne siriri mai dogayen fukafukai, ba shi da inji. Wani jirgin ne ke jan sa da igiya zuwa sama, ko kuma injin naɗe igiya daga ƙasa, sannan a sake shi. Daga nan matuƙin zai riƙa farautar iska mai ɗumi da ke tashi daga ƙasar da rana ta gasa, ya kewaya a cikinta ta ɗaga shi, kamar dai yadda shirwar ke yi.

Gilaida ta zamani na iya tafiyar kusan kilomita 50 kafin ta sauko da tsayin kilomita ɗaya. Amma iska ba ta da alkawari. Idan gajimare ya rufe rana ko yamma ta yi, ɗumin ya mutu, sai matuƙi ya tsinci kansa nesa da filin jirgi, ƙasa tana matsowa. Abin da ya rage masa shi ne ya zaɓi gonar wani ya sauka, da fatan babu wayar lantarki ko rami a ciki. Domin wannan lokaci aka ƙirƙiri ƙaramin injin da ba aikinsa ne ya tayar da jirgi daga ƙasa ba, aikinsa ya riƙe shi a sama har ya kai gida.

Matsalar tsohon inji

An daɗe ana sa wa gilaida ƙaramin injin fetur da ake ɓoyewa a bayan matuƙi. Idan buƙata ta taso, sai ƙofofi su buɗe, sanda ta ɗago injin da farfelarsa waje. A yawancinsu matuƙi sai ya sunkuyar da hancin jirgin ya ƙara gudu, domin iska ta juya farfelar injin ya tashi, kamar mai tura mota a gangara. Duk wannan yana cin lokaci da tsayi. Mafi muni, idan injin ya ƙi tashi, ya zama kaya tsaye a bayan jirgi yana tare iska, jirgin kuma ya riƙa saukowa da sauri fiye da da. Wato abin da aka kawo don ceto shi ne zai ƙara haɗari.

Abin da FES ya canza

Kamfanin LZ Design na ƙasar Sulobeniya, ƙarƙashin Luka da Matija Žnidaršič, ya zo da wata dabara mai suna FES. An fara tashi da ita a shekarar 2009 a jikin gilaida samfurin LAK-17A. Maimakon a ɓoye inji a baya, sai aka dasa injin lantarki a cikin hancin jirgin. Irin injin nan ne mara burushi da ke juya farfelar jirage marasa matuƙi masu ɗaukar hoto, sai dai wannan babba ne: nauyinsa kusan kilo 7, ƙarfinsa kusan kilowat 22.

Farfelar tana da fiffike biyu, faɗinta kusan mita ɗaya. Idan ba ta aiki, iska na kwantar da fukafukan a jikin hancin jirgi, su lafe. Da zarar matuƙi ya murɗa maɓallin da ke gabansa, injin zai juya, ƙarfin juyawar ya buɗe su nan take. Babu ƙofar da za a buɗe, babu sandar da za a ɗaga, babu jiran inji ya yi zafi. Ko da bai tashi ba, jirgin na nan yadda yake, matuƙi bai yi asarar komai ba sai daƙiƙoƙi. Wani ɗan allo kuma yana nuna masa saurin juyawa, zafin inji da cajin da ya rage.

A yau ana samun FES a jiragen kamfanoni irin su Schempp-Hirth na Jamus da HPH na Jamhuriyar Cek. A ƙananan jirage marasa nauyi kamar Silent 2 Electro na Italiya, yana iya tayar da jirgin daga ƙasa da kansa.

Batir ɗan uwan na waya

A bayan matuƙi ake ajiye batura biyu na litiyam, dangin wanda ke cikin wayar hannu, kowanne kusan kilo 16. Samfurin da ya fi yaɗuwa yana ɗaukar wuta kusan kilowat-awa 4.2 idan an haɗa biyun. Waya mai batir 5000mAh tana riƙe kusan wat-awa 19, ke nan baturan jirgin sun kai na wayoyi sama da 200.

Ga jirgin sama wannan wuta kaɗan ce ƙwarai. Abin da ya sa take isa shi ne gilaida ba ta kokawa da iska. Kilowat 4 zuwa 5 ya ishe ta tafiya a miƙe ba tare da saukowa ba, don haka cajin na iya kai ta kusan awa ɗaya, tazarar da ta kusa kilomita 100. Amma idan matuƙi ya buɗe wuta gaba ɗaya don hawa sama, lissafi ya nuna cajin ba zai kai kwata na awa ba. Duk mai waya ya san bambancin karanta saƙo da buga wasa mai nauyi.

Inda haɗarin yake

A watan Agusta na 2017, batirin wata gilaida samfurin HPH 304 eS ya kama wuta yayin sauka a filin Parham da ke Ingila. Matuƙin ya tsira. Hukumar kula da lafiyar jiragen sama ta Tarayyar Turai, EASA, ta fitar da umarnin gaggawa a kan baturan, daga baya aka ƙarfafa akwatinsu kuma aka ƙara na'urar gargaɗin gobara. Batirin litiyam idan ya samu rauni a ciki yana iya yin zafi har ya kunna kansa, shi ya sa ake ciro na FES daga jirgi kafin a yi masa caji, kuma wanda ya faɗi ƙasa ba a mayar da shi sai an bincika. Dokar da ta hana amfani da batirin waya da ya kumbura ita ce dai a nan.

Ana yawan tambayar me ya hana manyan jiragen fasinja komawa lantarki. Amsar tana cikin nauyi: kilo ɗaya na man jirgi yana ɗauke da makamashin da ya ninka na kilo ɗaya na batir sau da dama. Gilaida ta riga su ne saboda ba ta neman batir ya yi mata dukan tafiyar. Rana da iska ke ɗaukar ta sa'o'i, batirin kuwa yana jiran mintunan da iskar ta juya baya.