Koyarwa ta Intanet da Koyarwar Aji a Jami'a: Misali daga Ruwan Godiya

Karatu daga nesa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, ta daɗe tana koyar da malaman firamare ta hanyar aika musu da darussa a rubuce. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa kuwa an kafa ta a 1983, aka dakatar da ita a 1984, sannan aka farfaɗo da ita a 2002. Abin da intanet ta ƙara shi ne murya da hoto da sauri.

Ga mai nazarin Hausa, murya ita ce babbar riba. Daidaitacciyar hanyar rubutu ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka "fari" na launi da "fari" na ƙarancin ruwan sama da "fari" jam'in fara duk rubutunsu ɗaya ne. Ɗalibin da ke da laccar da aka naɗa yana iya maimaita ta sau goma har kunnensa ya rarrabe su, abin da ba zai samu ba a ɗakin lacca mai cunkoso. Amma naɗaɗɗiyar murya ba ta jin ɗalibi. A aji, malami na jin kuskure a bakin ɗalibi ya gyara nan take, kamar yadda ake yi a karatun zaure, inda almajiri ke karantawa malam na tare shi. Har ila yau, a aji ne Bakano kan ji Bakatsine ya ce "hwara", darasin karin harshe ya samu ba tare da an shirya shi ba.

To, sai dai duk wannan kwatance ya dogara ne a kan cewa hanyoyin biyu a buɗe suke. Ga ɗalibin Ruwan Godiya, cikin ƙaramar hukumar Faskari, zuwa aji na nufin tafiya Dutsin-Ma ko Katsina ko Zariya, a yankin da 'yan bindiga suka addaba. A Ƙanƙara ne aka sace ɗaliban sakandare fiye da 300 a Disamban 2020. A nan ake zaton intanet za ta zama mafita. Amma a Satumban 2021, saboda wannan matsala ta tsaro, aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, aka yi watanni babu sadarwa. Watau abin da ya tare hanyar mota shi ne ya tare ta waya.

Ko a lokacin da layi ke aiki, akwai kuɗin data da na cajin waya inda wutar lantarki ba ta tsayawa. Daɗin daɗawa, Buɗaɗɗiyar Jami'a akasari a cibiyoyinta take gudanar da jarrabawa, don haka ɗalibin da ya yi zangon karatu a ɗakinsa sau da yawa sai ya hau mota ranar jarrabawa.