Dajin Falgore: Dukiyar da tsoro ya raba mu da ita

Ambaci Falgore a tashar mota a Dutse ko Garki, direba zai fara ba ka labarin 'yan fashi da ɓarayin shanu. Da wuya ka ji wanda zai ce maka wurin yawon buɗe ido ne, alhali kuwa don kare itatuwa da namun daji aka keɓe shi.

Dajin yana kudancin Jihar Kano, a kan hanyar Jos, kimanin kilomita 150 daga birni. Ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000. Tun a shekarun 1940 Turawa suka keɓe shi da sunan Kogin Kano, a shekarun 1960 kuma ya zama gandun namun daji. Ga duwatsu, ga tuddai har zuwa Riruwai, ga ƙoramu. An san shi da gwanki da gada da kura da birai, amma farauta da saran itace don gawayi sun rage su ƙwarai.

To, ina ruwan ɗan Jigawa? Ruwansa kuwa, a zahiri! Kogin Kano ta cikin dajin nan yake bi ya zuba a madatsar Tiga, ya haɗu da Challawa, ya wuce Wudil da Ringim har Hadeja da fadamar Baturiya, inda tsuntsaye daga Turai suke sauka lokacin sanyi. Idan aka aske dajin, ƙasa ta zaizaye, yashi ya cike kogin, mai noman rani a Ringim shi ma zai ji a jikinsa.

A 2017 sojoji sun buɗe filin atisaye a dajin. A 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince da sababbin gandayen daji na ƙasa guda 10, ciki har da Falgore da fadamar Hadeja. Amma takarda ba ta gadin daji. Ana buƙatar masu gadi da albashi, da hanya, da masauki.

Malam, kai da kake zuba hotunan Yankari a TikTok, tambayi ɗan majalisarka nawa aka ware wa Falgore da Baturiya a kasafin bana. In kun shirya ziyara, ku je a ƙungiya, da rana, da izinin hukuma da ɗan jagora. Wanda kuma ya tallata maka naman daji a bakin titi, ka wuce abinka.