Armashin Filin Ƙwallo: Jama'a ne ko Gini?

Duk wanda ya san ƙasar Rima, tun daga Goronyo mai madatsar ruwan da aka kammala a 1984, zuwa Wurno ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, har Raba mahaifar Sardauna, ya san cewa idan kaka ta yi, aka shigar da amfanin gona rumbu, kafin aikin albasa da tafarnuwa ya kankama a fadama, babu abin da ke tara jama'a bayan sallar La'asar kamar gasar ƙwallon ƙafa tsakanin unguwanni. Galibi a filin makaranta ake yin ta, inda ba katanga ba kujera, sai layin da aka ja da toka, da igiyar da aka ɗaura don ta tsare 'yan kallo. Yara su ɗare rassan darbejiya, masu babura su miƙe tsaye a kan baburansu, mai rake ya kafa baronsa a bayan raga, mai kalangu kuma ya bi gefen fili yana zuga gwanin unguwarsu. Da zarar ƙwallo ta taɓa raga, sai igiya ta zama ba ta da hukunci, jama'a su kwarara cikin fili, ƙura ta turnuƙe, alƙalin wasa ya yi ta busa usur har a koma.

Mai hankali zai so ya san asalin wannan armashi, alhali wurin ba shi da komai daga kayan zamani. Sababinsa na farko kusanci ne, domin ɗan kallo yana jin hakin ɗan wasa, ɗan wasa kuma yana jin muryar wansa tana ce masa, “Kai Ƙane, saki ƙwallon nan!” Na biyu sanayya, gama wanda ke tsaron gida maƙwabcinka ne, gobe da asuba sahu ɗaya za ku tsaya. Na uku kuwa cuɗanya a tsaye, kafaɗa da kafaɗa, wadda takan sa ihun mutum guda ya zama na ɗari cikin ƙiftawar ido. Wannan ɗabi'a gado ce daga dandalin dambe da kokawa, inda makaɗa irin su Ɗan Anace, mawaƙin ɗan dambe Shago, suka koya wa mutanen ƙasar Sakkwato cewa mai kallo ma yana da rabonsa a cikin karawa.

Wanda ke shakkar tasirin jama'a ya dubi Kano. Ƙungiyar Kano Pillars, wadda magoya bayanta ke yi wa kirari da Sai Masu Gida, ta yi kimanin shekara 12 ba a doke ta a gida ba a gasar ƙasa, har sai da Nasarawa United ta karya lagonta a 2015, kuma a cikin wannan zamani ne ta ɗauki kofi a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Filinta na Sani Abacha yana Ƙofar Mata ne, a tsakiyar jama'a, inda ɗan kasuwa zai rufe rumfarsa ya taka da ƙafa. Da annobar korona ta sa aka buga wasanni ba 'yan kallo a 2020, sai duniya ta shaida cewa rinjayen mai masauki ya ragu a manyan gasanni da dama, ga filaye masu tsada tsaye ƙyam, amma wasa ya zama lami.

To amma adalci ya wajabta a faɗi cewa taron da ba shi da nizami yakan rikiɗe ya zama musiba. Ranar 15 ga Afrilu 1989, a filin Hillsborough na Ingila, turmutsitsi a wurin tsayuwa ya halaka magoya bayan Liverpool, adadinsu ya kai 97 daga baya. Ranar 9 ga Mayu 2001 kuma mutum 126 suka rasu a filin Ankara ta Gana, sa'ad da aka harba barkonon tsohuwa jama'a suka ruga ƙofofi. Bayan waƙi'ar Hillsborough ne rahoton mai shari'a Taylor ya sa aka wajabta wa manyan ƙungiyoyin Ingila kujera ga kowane ɗan kallo, kuma babu mai imani da zai yi jayayya da hukuncin da aka gina a kan kare rai.

Sai dai gyaran ya zo da nasa illoli, waɗanda ba a farga da su ba sai da aka jima. Kujera mai lamba ta raba abokan da suka saba tsayawa tare. Kuɗin shiga ya hau har ya gagari leburori da samari, su da suke ma'abota waƙa da sowa. Aka keɓe wurare mafi kyau ga attajirai da baƙin kamfanoni, waɗanda suka zo kallo a natse. Saboda haka Ingila da kanta ta komo, ta halatta tsayuwa mai tsari daga 2022, da madogarin ƙarfe a gaban kowane sahu don kada wani ya danne wani, tana koyi da Jamus, inda a filin Dortmund mutum wajen 25,000 suke tsayawa a gefe guda, ƙarƙashin rufin da ke mayar da amon muryoyinsu cikin fili.

A ƙasarmu ma an ga alamar haka. Babban filin Abuja, wanda aka buɗe a 2003, yana ɗaukar mutum kusan 60,000, amma yana nesa da unguwannin talakawa, kuma hanyar 'yan tsere da ta kewaye ciyawar ta nisanta mai kallo daga ɗan wasa, har ihu ya ɓace kafin ya isa. Ga kuma gidajen kallo, waɗanda a Wurno da Goronyo suke cika maƙil ranar da Real Madrid za ta kara da Barcelona, alhali Sokoto United tana wasa a filin Giginya, da yawa daga samarin nan ba su san ranar ba.

Saboda haka, duk hukumar da ta yi niyyar gyara filin Giginya, ko gina ƙaramin fili a Raba ko Wurno ko Goronyo, ya kamata ta yi la'akari da maslahar mai kallo tun daga zanen gini: a sa shi inda ƙafa za ta kai, a matso da mazaunin jama'a kusa da layi, a yi rumfa saboda zafin rana, a yawaita ƙofofin fita masu faɗi, a tanadi ruwa da wurin salla, a bar gefe guda mai rahusa inda makaɗa da samari za su tsaya cikin aminci. Jama'a kuma akwai haƙƙi a wuyansu, domin jifan alƙali da cin zarafin baƙi su ne ke jawo shinge da nisantawa. A 2022 rikicin da ya auku a wasan Pillars da Katsina United shi ya sa aka mayar da wasannin Pillars na gida Abuja, Kanawa suka rasa abin da suke ƙauna. Mahukunta su kusanto da talaka, talaka kuma ya riƙe ladabi, gama da waɗannan sharuɗɗa biyu ne kawai za mu sami fili na zamani ba tare da mun sayar da armashinmu ba.