YADDA AKE GANE RUWAN SHA MAI KYAU

Ya ku manoma da masu gari na ƙasar Tozai da Isa da Sabon Birni, ku sani ruwan rijiyarku ba daga rijiya ya faro ba. Zafin rana ke tashe shi daga teku kamar tururi, iskar damina ta koro shi, ya zama hadari, ya zubo. Wani ya bi Gulbin Bunsuru da na Gagare har ya faɗa Rima, wani kuwa ya nutse cikin ƙasa, shi ne guga ke fito da shi da rani. To, kowace ƙazanta ya taras bisa hanya, da ita zai tafi.

Mutane da yawa suna cewa in ruwa ya yi garau, ba wari, ba ɗanɗano, ya isa sha. Wannan kuskure ne babba, gama ido ba ya ganin ƙwayoyin cuta. Dattawa sun san kurkunu, wanda kan kwantar da manomi a tsakiyar damina har ciyawa ta cinye gona. Ruwan tabki ke kawo shi, tacewa da ƙyalle kuwa ta taimaka ƙwarai wajen kashe shi. Rabon Nijeriya da shi tun 2008, cikin 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ya ƙare. Amma ƙwayar amai da gudawa, watau kwalara, wadda ta yi ɓarna a jihar Sakkwato cikin 2021, ta fi wannan ƙanƙanta nesa, ƙyalle ba ya tsare ta duka. Alif da ƙwayar zogale suna kwantar da laka, amma kada ku dogara da su kaɗai.

Saboda haka mai gari ya zaga rijiya da kansa. Ya auna, tsakaninta da salga ko turken dabbobi kada ya kasa mita 30, kimanin taki 40 ke nan, salga kuma ta zama ta gangare. A ɗaure bakin rijiya da sumunti, a yi mata murfi, a rataye guga kada ya kwana a ƙasa. Kadan ambaliya ta shiga rijiya, a yashe ta, a kira malamin tsabta ya sa mata magani. Kafin ya zo, kowane gida ya dafa ruwan sha har ya tafasa sosai, a zuba a randa mai murfi, a keɓe mata moɗa guda.