Yadda 'Yan Kasuwa Za Su Maido da Rai Tsakiyar Gari: Misalin Ƙasar Rano

Tsohon garin Bahaushe yana da cibiya da kowa ya sani: ƙofar fada, masallacin Juma'a, da kasuwa ba nisa da su. Haka Kano ta kasance tun da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, kuma a kan wannan tsari tsofaffin garuruwa irin su Rano suka tashi, Rano ɗin da ke cikin Hausa Bakwai, wadda ake wa sarkinta kirari da Autan Bawo. Mai zuwa gaisuwa fada da mai zuwa sallah da wanda aka aika sayen gishiri duk hanya ɗaya suke bi, kuma da wannan kai-kawo mai shago yake ci.

Kwalta ce ta fara karkatar da ƙafar mutane. Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Zariya ya san Kwanar Dawaki da Kwanar Gafan da Kwanar Ɗangora, wuraren da ciniki ya kankama saboda kawai nan mota take tsayawa. Kurmi kanta ba ta tsira ba, domin manyan dillalai sun koma Sabon Gari da Kantin Kwari da Singa, hatsi kuma ya tattara a Dawanau.

Amma a ƙasar Rano akwai ciwon da ya fi wannan. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura da Bunkure, ga kuma gero da dawa da masara da gyaɗa da ake samu da damina a su Kibiya da Lausu. Arziki na fitowa daga ƙasa, sai dai ba ya kwana a gari. Manomi ya sayar da shinkafarsa shanshera, a loda ta a mota a fita da ita. Kuɗin da ya karɓa ma mota suke shiga, saboda taki da babur da kayan ɗakin 'yarsa duk a Kano zai sayo. Ranar kasuwa wuri ya cika ya batse, washegari kuwa sai rumfuna wayam, awaki na kwance a inuwarsu, mai tireda yana zaune da rediyo yana jiran yaron da zai zo sayen magi.

A ganina a nan aikin 'yan kasuwa ya fara. Tsakiyar gari ba ta rayuwa da masu sayarwa kaɗai, sai da masu aiki a cikinta kullum. A ce an kafa injin casar shinkafa ko na matsar man gyaɗa a kusa da kasuwa, ba can bayan gari ba. Da sassafe mata masu turara shinkafa za su kawo buhunansu, 'yan dako su samu na kansu, mai ɗinkin buhu ya kafa zama, makiyayi ya zo sayen dusa, mai ƙuli-ƙuli ta zo karɓar tunkuza. Duk waɗannan sai sun ci abinci da rana, sai sun yi cajin waya, sai sun cire kuɗi wurin mai POS. Ta haka mai shayi da mai gyaran babur suke samun ciniki ranar da ba kasuwa. Kura shaida ce: sarrafa shinkafa a cikin garin ya sa 'yan sari suna bin ta har gida.

Akwai kuma abubuwan da mutum ɗaya ba zai iya ba. A 1970 masu shaguna a unguwar Bloor West Village ta birnin Toronto a Kanada suka ga manyan kantuna na bayan gari sun kwashe musu masu saye. Sai suka nemi hukuma ta ɗora musu wani ƙarin haraji, a kan kowa da kowa, wanda su da kansu za su kashe wajen fitilu da gyaran titinsu. Daga nan tsarin ya bazu zuwa Amurka da Ingila. A Ingila, inda sayayya ta intanet da manyan kantuna suka rufe shaguna da yawa, rahoton da Mary Portas ta miƙa wa gwamnati a 2011 ya ba da shawarar kafa kwamitin gari da zai haɗa masu shaguna da masu gine-gine da hukuma. Mu ba baƙi ba ne a wannan fage, tunda muna da sarkin kasuwa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da adashi da aikin gayya. Abin da ya rage shi ne a karkata su ga abin da zai riƙe mutum a kasuwa: magudanar ruwa don kada damina ta mai da layuka taɓo, makewayi mai tsafta (rashinsa na cikin abin da ke hana mata daɗewa), mai gadi, da fitilar sola. Layin da ke da haske bayan magariba ya ƙara awanni a kan cinikin yini, kuma lokacin ne manomi ya dawo daga gona yake da sukunin fitowa.

Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya wahalar da kowa, amma ya buɗe wa mai shagon ƙauye ƙofa. Kuɗin mota zuwa Kano da dawowa yanzu yakan cinye rangwamen da mutum ya je nema. Idan masu tireda goma na Rano suka haɗa jari suka yi sari tare, mota ɗaya ta ɗauko musu, farashinsu zai kusanci na Singa, mutumin Kibiya kuma ba shi da dalilin wuce su.

Sai batun 'ya'yan gari da Allah ya buɗa wa. Alhaji Auwalu Abdullahi Rano mutumin Lausu ne, gidajen mansa na A.A. Rano sun watsu a Najeriya, kamfanin jiragensa na Rano Air kuma ya fara jigila a 2023. Wannan ya nuna ƙasar ba ta rasa masu basirar kasuwanci ba. Ina kira ga attajiran yankin gaba ɗaya: zakka da rabon abinci da azumi alheri ne babba, amma ma'ajiyar hatsi ko ƙaramar masana'anta ko reshen ofis da aka ajiye a cikin gari yana biyan albashi kowane wata, kuma a nan ake kashe albashin.

Masu rufaffun shaguna ma suna da rawar takawa. A Rano akwai makarantar koyon fasahar karkara da sana'o'i ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, kuma matashin da ya gama koyon sana'a babban cikas ɗinsa shi ne kuɗin hayar shekara da ake nema a dunƙule. Mai shago zai iya ba shi wurin ya riƙa biya wata-wata, a gaban sarkin kasuwa da shaidu biyu, a rubuta ranar da za a sake duba kuɗin idan sana'ar ta kama.