Kafin ka sayi sabon batir na motar ɗaukar amfanin gona

Motar da ta ƙi tashi da asuba asara ce: tumatir na cikin kwanduna, rana na ɗagawa, kasuwa na ci babu kai. In batirin motar ƙungiyarku ya fara sanyi, kada a jira ya mutu a hanya.

Da farko, kai motar wurin rewaya ya auna. Batir mai cikakken caji yana nuna kusan 12.6V in mota a kashe take. In injin na aiki kuwa, ya kamata ya kai 13.8V zuwa 14.4V. In bai kai ba, a duba altaneta, domin sabon batirin ma haka zai mutu.

Sannan karanta rubutun jikin tsohon. Lambar Ah ita ce yawan wutar da yake riƙewa. Sayi daidai ita ko sama kaɗan, ban da ƙasa, saboda injin dizal na jan wuta sosai kafin ya tashi. Tabbatar zai zauna a mazauninsa, kuma kawunansa na + da − suna gefen da wayoyin ke kaiwa.

Manyan motoci da yawa 24V ne, wato batir biyu a haɗe. Canza su tare, iri ɗaya, don tsoho kan kashe sabo da wuri.

Kada araha ta ja ka ga na hannu. Duba ranar da aka ƙera shi, ka karɓi rasit da garanti. Tsohon kuma kai wa dila ya rage maka kuɗi.