"Ba Haka Yake a Littafi Ba": Gardamar Masu Karatu da Masu Kallo, Daga Japan Zuwa Tarauni

A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni, da shagunan masu tura fina-finai a Gyadi-Gyadi, fina-finan zane na Japan da matasa ke kira anime sun samu gurbi kusa da fassarar Indiya. Yaro zai miƙa waya a zuba masa Naruto ko One Piece, ya kama gabansa. Waɗannan biyun daga littattafan zane suka fito. Amma akwai waɗanda tushensu ƙagaggen labari ne zalla, rubutu ba hoto, kuma a kansu ne masu karatu da masu kallo suka fi sa zare.

Ɗauki The Twelve Kingdoms, labarin masarautu goma sha biyu da marubuciya Fuyumi Ono ta fara fitarwa a 1992. Wata 'yar sakandare ce, Yoko, aka ɗauke ta zuwa wata duniya inda wata halitta mai tsarki ke zaɓar sarki. A littafin, ita kaɗai take gararamba cikin yunwa da tsoro. Waɗanda ta amince wa sun ci amanarta, ga wani shuɗin biri da ke bin ta yana zuga ta kada ta ƙara yarda da kowa. Shafi bayan shafi, mai karatu na zaune cikin zuciyarta. Shi ya sa ranar da Rakushun, mai siffar ɓera, ya tsince ta a galabaice ya yi jinyarta, alherin ke ratsa mutum har ɓargo.

Da kamfanin Pierrot ya mayar da labarin anime a 2002, sai ya haɗa ta da abokan tafiya biyu: Sugimoto, wadda a littafi ba ta wuce 'yar aji da aka ambata a gurguje ba, da Asano, wanda babu shi sam. Dalilin a fili yake. Kyamara ba ta ɗaukar zancen zuci, dole a samo wanda za a yi magana da shi. Masu kallo da yawa ba su ga aibi ba. Ni ina tare da masu karatun da suka ƙi: kaɗaici shi ne ƙashin bayan labarin, kuma wanda ya tafi da 'yan garinsu bai ɗanɗani baƙunci duka ba.

Ba kowane ƙari ne ɓarna ba. Moribito na Nahoko Uehashi, wanda ya fito a 1996, gajeren littafi ne. Darakta Kenji Kamiyama ya shimfiɗa shi zuwa kashi 26 a 2007, ya tsawaita zaman ɓuyan da Balsa mai mashi ta yi da yarima Chagum, har muka ga ɗan sarki yana koyon rayuwar talakawa. Wannan ƙarin ya ƙarfafa abin da marubuciyar ta dasa ne.

Kano ba baƙuwar wannan muhawara ba ce. Tun da Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da In Da So Da Ƙauna fim a 1994, aka kuma yi wa Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu haka, duk mai karatu ya riga ya zana tasa Sumayyar, jarumar In Da So Da Ƙauna, a ka, kuma babu 'yar wasan da za ta yi daidai da ta kowa. Wannan darasi ne ga masu shirya fim a Titin Zoo da ke kwaɗayin zana Gandoki ko Iliya Ɗan Mai Ƙarfi. Aljanu da dakaru ba su da wuya a kwamfuta. Muryar tsoho Gandoki da ke cika baki yana ba yara labarin yaƙinsa, ita ce za ta ba su aiki.

Akwai kuma matsalar da mai kallo kaɗai ke sha. An tsayar da anime na The Twelve Kingdoms a kashi na 45 a 2003, ba a warware labarin wani yaro mai suna Taiki da ɓataccen sarkinsa ba. Sai a 2019 Ono ta fitar da ci gaban a juzu'i huɗu, bayan shekara 18 masu karatu suna jira. Wanda aka tura wa fim ɗin a Farm Centre, in yana son sanin makomar yaron, sai ya nemi littafin.